SHARHI: Sikila na taɓa muƙamuƙi a ɓoye, amma wa zai ɗauki hoton a Waca?

Ranar 1 ga Satumba, 2024 ragin kashi 50 cikin 100 na kuɗin magani ya fara aiki a asibitocin gwamnati na Jamhuriyar Nijar. Ragin ya shafi kuɗin ganin likita da na kwanciya da gwaje-gwaje da tiyata, har da ɗaukar hoton cikin jiki, wanda mutanen ƙasar suka fi sani da "radiyo". Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujjar yin ta. Sai dai rabin kuɗin hoto ba ya amfanar kowa sai wanda ƙafarsa ta kai shi inda na'urar take.

Wannan magana ta fi fitowa fili idan aka dubi wani rukunin marasa lafiya da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen haƙori, wato masu fama da amosanin jini, cutar da ake kira sikila a Najeriya, wasu a Nijar kuma su ce emasi. Kowa ya san su da ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini da idanu masu ruwan ɗorawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cutar tana sauya ƙashin muƙamuƙi, tana iya kashe haƙorin da babu kogo a jikinsa, kuma tana buɗe ƙofa ga ruɓewar ƙashin baki. Likitocin haƙori sun fi shekara 70 suna ganin waɗannan alamu a hoto. Tambayar ita ce me wannan ilimi zai tsinana wa yaron da ke kwance a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Waca, a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, kuncinsa a kumbure.

Mutum nawa ake magana a kai?

Waca tsohon gari ne, ɗaya daga cikin masarautun Sosebaki tare da Dungas da Mirya. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum sama da dubu 90, gundumomin Magarya da Dungas kuma, waɗanda a da gunduma guda ce kafin a raba su a 2011, sun haura mutum dubu 900 idan aka haɗa. Yau adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, domin yanki ne na yawan haihuwa.

Alƙaluman da hukumomin lafiya suka saba ambatawa a Nijar da Najeriya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da irin cutar a jininsa ba tare da yana ciwo ba, wato masu AS. A yi lissafin da mutum ɗaya cikin huɗu. Aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. A irin wannan aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ke nan jariri ɗaya cikin 64, ko a ce ɗaya zuwa biyu a cikin kowane ɗari. Duk wanda ya san yawan sunan da ake raɗawa a mako guda tsakanin Waca da Bande da Dan Ciyawo da Dungas zai gane cewa ba ƙaramin adadi ba ne.

A duniya baki ɗaya, wani babban nazari da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa an haifi jarirai dubu 515 da cutar a shekarar 2021, kusan kashi huɗu cikin biyar ɗinsu a Afirka kudu da Sahara. Nazarin ya ce mutum miliyan 7.74 ne ke rayuwa da ita, kuma tana da hannu a mutuwar mutum dubu 376 a shekarar, alhali takardun asibiti sun jingina mata kusan dubu 34 kacal. Sauran an rubuta su ne da sunan zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko gudawa. Wannan tazara ta nuna halin cutar: takan ɓuya a bayan wani ciwon. Haka take yi a cikin baki ma, inda take fakewa da sunan ciwon haƙori.

Abin da hoton yake nunawa

Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa. Ɓargo, wanda shi ne masaƙar jini, dole ya ninka aikinsa don cike giɓin, kuma garin haka sai ya kumbura ya nemi ƙarin wuri. Wurin da zai samu kuwa a cikin ƙashi ne. Cikin ƙashi kamar soso yake, siraran sanduna ne a sarƙe, ɓargo yana zaune a tsakaninsu. Idan ɓargo ya faɗaɗa, sandunan sai su ragu, ramukan su yi girma, ɓawon ƙashin ya sirance.

Muƙamuƙi bai tsira daga wannan ba. A hoton haƙori na mai sikila, likita yakan ga ƙashin ya yi haske-haske kamar an wanke shi, sandunan da suka rage sun yi kauri sun yi nesa da juna. A tsakanin saiwoyin haƙora, musamman turame na ƙasa, sukan jeru a kwance ɗaya bisa ɗaya kamar matakan tsani. Wasu likitoci biyu a Amurka, Robinson da Sarnat, su ne suka yi fice da bayyana wannan siffa a 1952, kuma har yau da sunan tsani ake koyar da ita. Gefen muƙamuƙi na ƙasa, wanda ya kamata ya fito fari ƙal da kauri, yakan fito siriri. Wani abin lura shi ne siririn layin ƙashin da ya kewaye saiwar haƙori yawanci yana nan daram, abin da ke taimaka wa likita ya bambance wannan da wasu cututtukan ƙashi.

A muƙamuƙin sama, faɗaɗar ɓargo kan tura ƙashin gaba. Haƙoran gaba su turo, su yi wushirya, leɓe ya kasa rufe su sosai. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, likitan nan ɗan Ghana da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan cuta, ya yi rubutu a kan wannan siffa tun shekaru da dama, kuma likitocin haƙori a Jami'ar Legas sun auna ta a jikin yaran Najeriya. A ƙauye ba wanda zai kira wannan ciwo. Za a ce halitta ce, ko a ce gado ne daga dangin uwa, yara kuma su samu abin tsokana. Ana kuma yawan ganin jinkirin fitowar haƙora da raunin farin ɓawon haƙori a irin waɗannan yara.

Duk waɗannan sauye-sauye ne masu tafiya a hankali, ba sa zafi. Masu zafin suna zuwa ne ta hanya ta biyu, wato toshewar jijiyoyin jini. Idan iskar da ke cikin jini ta ragu, ko jiki ya bushe, ko sanyi ya kama mutum, ko zazzaɓi ya taso, ƙwayoyin jinin sai su lanƙwashe kamar lauje, su cushe ƙananan hanyoyin jini. Duk naman da ke bayan wurin da ya toshe sai ya rasa abinci. Idan a cinya ne ko a baya, shi ne ciwon da iyaye suka sani, wanda ke hana gida barci. Idan a muƙamuƙi ne, wani yanki na ƙashin yakan mutu. Bayan ya warke yakan bar tabo, wanda ke fitowa fari a hoto, galibi can wajen turame na baya. Likitan da ya iya karatun hoto yana iya nuna wurin ya tambayi mara lafiya ko ya taɓa yin ciwo a nan, a kuma samu haka ne.

Akwai wani abin mamaki a tarihin cutar da ya dace a faɗa a nan. Mutumin farko da aka rubuta labarin cutarsa a mujallar likitanci, a 1910, ɗalibin koyon aikin haƙori ne. Sunansa Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Grenada, yana karatu a birnin Chicago lokacin da likita James Herrick da mataimakinsa Ernest Irons suka ga ƙwayoyin jininsa masu kama da lauje. Ya kammala karatunsa, ya koma gida ya yi aikin haƙori, ya rasu yana da shekara 32. Fiye da ƙarni guda bayan haka, a yawancin asibitocinmu mai kula da sikila da mai kula da haƙori ba sa ko haɗuwa a kan mara lafiya guda.

Ciwo uku a baki ɗaya

A ƙaddara wata yarinya ce 'yar shekara 12 a wani ƙauye kusa da Waca, cikin hunturu, ta tashi da ciwon muƙamuƙi na ƙasa a ɓangaren dama. Abu uku ne mabambanta za su iya kawo wannan ciwo ga mai sikila, kuma maganin kowanne daban.

Yana iya zama ciwon haƙori irin na kowa, kogo ne ya kai ga jijiya. Wannan yana buƙatar a cike haƙorin ko a cire shi, amma da shiri. Yana iya zama toshewar jini ce a cikin ƙashin ko a cikin ɓargon haƙorin kansa. A nan haƙorin lafiyarsa ƙalau a ido, babu kogo, babu tsaga, amma yarinyar za ta rantse shi ne ke mata ciwo. Abin da take buƙata shi ne ruwa, da maganin rage zafi, da ɗumi, da neman abin da ya tayar da ciwon. Idan aka cire haƙorin an yi asara biyu: haƙori ya tafi, ciwo yana nan, an kuma bar rami a cikin ƙashin da jini ba ya isarsa sosai. Wani lokaci ma jijiyar haƙorin takan mutu shiru babu zafi, sai daga baya hoto ya nuna baƙin tabo a ƙarshen saiwar haƙorin da bai taɓa yin kogo ba.

Na ukun shi ne abin tsoro, wato ƙwayoyin cuta su shiga ƙashin ya fara ruɓa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama shiga wannan haɗari saboda hanyoyin jininsa ba su da yawa, kuma baki cike yake da ƙwayoyin cuta masu jiran ƙofa. Mai sikila kuwa saifarsa takan lalace tun yana ƙarami, don haka garkuwar jikinsa ba ta kai ta sauran yara ba. Alamun su ne kumburi, zazzaɓi, kasa buɗe baki, haƙora su fara girgiɗi, daga baya mugunya ta fara fita ta dasashi ko ta ƙarƙashin haɓa. Wannan ba ya jin magani na kwana uku. Yana buƙatar makonni ana shan magani ko ana allura, wani lokaci sai an yi tiyata an ciro mataccen ƙashin.

Akwai kuma wata alama da Konotey-Ahulu ya bayyana a mujallar Lancet a 1972: leɓen ƙasa da haɓa su mutu, mutum ya taɓa bai ji ba, kamar an yi masa allurar kashe zafi. Jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙi ce ta rasa jini ko ta matse. Takan ɗauki watanni kafin ta dawo. A wurin da ba a san wannan ba, ba a rasa mai cewa iska ce ta shafe shi, daga nan sai hayaƙi da rubutu, asibiti kuma sai abin ya ci tura.

To me ke faruwa da yarinyar a zahiri? Abin da ya fi kusa da hannu shi za a fara: kanumfari a kan haƙori, ƙwayoyin mai tebur, wataƙila har da tiramol. Idan kumburi ya nuna, a nemi wanzami ya yi sakiya. Idan ranar kasuwa ta zo, akwai masu cire haƙori da ba sa tambayar kowa irin jininsa. Ba a faɗi wannan don a zargi iyaye ba. Wanda ɗansa ke kuka tsakar dare, kuɗin mota kuma ya fi kuɗin hatsin mako, ba shi da zaɓi mai yawa. Kuma ciwon yana tafiya ta fuska biyu: sikila na lalata baki, ruɓaɓɓen haƙori shi ma yana tayar da ciwon sikila. Wani nazari da aka yi a Amurka kan masu sikila da suka je sashen gaggawa ya gano cewa waɗanda ke da ciwon haƙori mai mugunya sun fi sauran yiwuwar a kwantar da su.

Hoto ba ya maye gurbin gwajin jini

A nan ne ya kamata a yi hattara. Duk lokacin da aka wallafa sabon bincike kan hoton muƙamuƙin masu sikila, akan samu masu ɗokin cewa likitan haƙori zai iya gano cutar daga hoto. A 'yan shekarun nan ma ana amfani da kwamfuta wajen auna sarƙewar sandunan ƙashi a hoto, kuma nazarce-nazarce daga ƙasashe irin su Brazil da Turkiyya sun nuna bambanci tsakanin masu cutar da marasa ita. Bincike ne mai amfani, amma bambancin da ake gani tsakanin rukuni da rukuni ba ya nufin za a iya yanke hukunci kan mutum ɗaya.

Siffar tsanin nan ana ganin ta a muƙamuƙin mutanen da ba su da sikila ko kaɗan. Akwai masu sikila da hotonsu bai nuna komai ba. Wasu cututtukan jini na gado suna ba da irin wannan hoto. Sannan hoton yakan makara: mutuwar ƙashi ko ruɓewarsa ba sa fitowa a kwanakin farko, sai ƙashin ya zubar da kaso mai yawa na sinadarinsa, abin da kan ɗauki mako biyu ko fiye. Wato a ranar da yarinyar nan ta fi buƙatar amsa, hoton yana iya fitowa tas, kuma ma'aikacin da ya dogara da shi kaɗai zai sallame ta da kuskure. Idonsa da hannunsa da tambayoyinsa su ne kan gaba.

Abin da ke tabbatar da sikila ɗigon jini ne. A nan ma akwai gyara. Gwajin Emmel, wanda aka daɗe ana yi a ƙananan ɗakunan gwaji na ƙasashe masu amfani da Faransanci, yana nuna cewa akwai irin sikila a jini, amma ba ya raba AS da SS. An sha samun mai AS yana ɗaukar kansa mara lafiya, ko mai SS a ce masa ai kaɗan ce. Gwajin da ke rarrabewa shi ne wanda ake kira elektoroforez, kuma yanzu akwai 'yan ƙananan gwaje-gwaje na nan-take, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu kama da na zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ba sa buƙatar lantarki kuma suna ba da amsa cikin mintuna. An gwada su a ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya, sun kuma yi kyau.

Saboda haka idan ana maganar inda za a fara sa kuɗi a Waca, amsar a bayyane take. Gwajin jini ne farko, tun jariri yana zanen goyo. Amfanin hoto yana zuwa ne daga baya, ga wanda an riga an san yana da cutar: a duba ko akwai kogon da ido bai gani ba, ko saiwa ta yi mugunya, ko akwai mataccen ƙashi, kafin a ɗauki filaya.

Daga Waca zuwa inda na'urar take

Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne. Daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye sai gidan likita na CSI, sai asibitin gunduma, sai na jiha ko na ƙasa. Ba a tsara CSI da ɗakin hoto ko kujerar likitan haƙori ba. Na'urar da ke ɗaukar hoton ƙirji ko karaya a asibitin gunduma tana iya nuna muƙamuƙi sama-sama, amma hoton da ke fito da haƙora duka a faifai guda, ko ƙaramin hoton da ake sa wa a cikin baki, na'urorinsu daban ne, kuma a manyan birane aka fi samun su. Ga mutumin Waca, wannan yana nufin tafiya Damagaram, inda babban asibitin ƙasa yake. Cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini kuwa, wadda aka buɗe da tallafin masarautar Monako, tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram.

Ƙarancin likitocin haƙori ba matsalar Nijar kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankinta na Afirka likitan haƙori bai wuce uku da 'yan kai ba ga kowane mutum dubu 100, kuma wannan matsakaici ne da ya haɗa da ƙasashen da suka fi Nijar wadata. 'Yan kaɗan da ake da su ma birni suke zaune.

Asibitin gundumar Magarya ya yi suna wajen kula da yara, inda ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF take aiki tun 2005. A daminar 2018 ƙungiyar ta sanar da cewa kimanin yara goma ne ke mutuwa kullum a sashen, yawancinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A wurin da ake irin wannan fama, ba abin mamaki ba ne idan haƙori ya koma ƙarshen layi. Amma a lura: cikin yaran da ake ƙara wa jini sau biyu, sau uku a damina ɗaya, akwai waɗanda sikila ce tushen matsalarsu. Kowane ƙarin jini da aka yi ba tare da an binciki irin jinin yaron ba, dama ce ta wuce.

Akwai kuma batun shekaru. Tun 2006 Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, duk da cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya daɗe yana raunana shirin. Matsalolin muƙamuƙi kuwa sun fi bayyana bayan wannan shekaru, lokacin da haƙoran girma suka fito. Yaron da ya tsallake shekara biyar da sikila, wanda shi kansa nasara ce, yana fita daga inuwar kyauta daidai lokacin da bakinsa ya fara buƙatar kulawa.

Hanya ta biyu ita ce kudu. Mutanen Magarya da Dungas sun saba tsallakawa ta Babura ko Maigatari su nufi Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori da tiyatar fuska, ga kuma asibitin Murtala da ya daɗe yana ganin masu sikila. A Kano ne aka gudanar da gwaje-gwajen da suka nuna cewa maganin hydroxyurea yana taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, kuma a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure. Sai dai abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna raunin dogaro da wannan hanya. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda Maraɗi da Damagaram suke samu ta layin Katsina, kuma ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Wata bakwai ke nan mai kumburin muƙamuƙi yana tsakanin hanyar da aka toshe da na'urar da ke jiran wuta.

Abin da ba ya buƙatar jiran na'ura

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin halitta don magance sikila, a kan farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka. Labari ne mai daɗin ji, amma ba da mutanen Waca ake yi ba tukuna. Abubuwan da aka tabbatar suna ceton rai sun fi wannan araha nesa. Tun 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba yara masu sikila maganin penisilin kullum ya rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Gwajin REACH da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ya nuna hydroxyurea yana rage yawan tashin ciwo, da ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da mutuwa. Duk abin da ya rage toshewar jini a jiki ya rage ta a muƙamuƙi.

A ɓangaren baki kuwa, jihar Damagaram tana da wani jari da ba a cika lura da shi ba. Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyar Sentinelles take da cibiya a birnin tana kula da yaran da cutar noma ta ci wa fuska, tana kuma wayar da kan ma'aikatan lafiya da jama'ar ƙauyuka kan duba bakin yara. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, abin da ake sa ran zai jawo ƙarin kuɗi da horo. Noma da sikila cututtuka ne daban, amma ma'aikacin da aka koya wa buɗe bakin yaro ya haska tocila don neman noma, ba wani nauyi ba ne a ƙara masa tambaya guda: shin an taɓa gwada jinin yaron nan? Haka masu bin gida-gida da damina suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su ma suna ganin kusan kowane ƙaramin yaro a yankin sau da yawa a shekara.

Ga wanda aka tabbatar yana da cutar, ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa. Ya riƙa yawo da katin da ke nuna irin jininsa, ya nuna wa duk wanda zai taɓa masa haƙori. Ba a cire haƙori ana tsakiyar tashin ciwo sai in babu makawa, kuma a asibiti. Kafin cirewa a tabbatar ya sha ruwa sosai, ba ya zazzaɓi, jininsa bai yi ƙasa ƙwarai ba, likita kuma ya duba ko yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allurar kashe zafi ta wuri ɗaya ba ta da laifi, sa barci gaba ɗaya ne ke buƙatar shiri na musamman. Kumburin fuska da zazzaɓi, ko mutuwar leɓe, ko kasa buɗe baki, dalili ne na tura mara lafiya gaba a ranar, ba a jira kasuwa ta zagayo ba. Asuwaki ko buroshi safe da dare, da rage alewa da shayi mai sukari, sun fi muhimmanci ga mai sikila fiye da ga ɗan'uwansa mai AA, domin shi ƙaramin kogo yana iya kai shi gadon asibiti.

Kundin da ke jagorantar mulkin ƙasar tun watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan ana son a ga amfanin wannan a gidan likita, katin mai sikila da takardar bayanin waɗannan alamu wuri ne mai sauƙin farawa, a boko da ajami, tunda a ƙauyukan Waca masu karanta ajami ba kaɗan ba ne.

Na'urar hoton haƙori ma ba ta gagara ba. Akwai ƙanana da ake riƙewa a hannu, masu aiki da batir, waɗanda ke tura hoto kai tsaye zuwa kwamfuta, a kuma aika shi ta waya ga likita a Damagaram ko Yamai ya karanta. Guda ɗaya a asibitin Magarya, ɗaya a Dungas, da ma'aikacin da aka horar kan amfani da ita da kare kansa da mara lafiya daga haskenta, za su rage wa ɗaruruwan iyalai tafiya. Kowace ranar 19 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa cutar tun ƙudurin Disambar 2008, akan yi jawabai a Yamai kan gwaji kafin aure da ba da gudummawar jini. Waɗanda za su tsara bikin na gaba a jihar Damagaram suna iya tambayar hukumar lafiya ta jihar abu biyu: gidajen likita nawa ne a gundumomin Magarya da Dungas suke da gwajin sikila na nan-take a ɗakin ajiyarsu, kuma mai sikila nawa ne likitan haƙori ya duba a shekarar da ta gabata.